Shawarwari kan Magance Damuwa ta Hanyar Zantawa da Ƙwararre

A wata tattaunawa da aka yi kan magance damuwa ta hanyar zantawa da ƙwararre, akasarin mahalarta sun yarda cewa zama da masanin halayyar ɗan Adam yana rage ciwon damuwa da fargaba, musamman ta hanyar gyaran tunani da likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, ya ɓullo da ita a shekarun 1960. Sai dai an fi daɗewa kan illolin: tono tsohon rauni cikin gaggawa yakan dagula majinyaci, kuma wanda bai ƙware ba yana iya cusa masa tunawa da abin da bai taɓa faruwa ba, wanda a ganina ya fi komai haɗari. An shawarci jama'a su binciki lasisin masanin, su sauya shi idan babu sauƙi, kada kuma su daina shan magani sai likita ya amince.