Surame na lalacewa, kowa ya yi shiru

Abu Binji: Jama'a, abin na ci mini rai. Na shiga Surame, garun dutsen nan da Kanta ya gina sai zubewa yake, shanu na kiwo a ciki. Tun 1964 aka ce gwamnati ta ɗauke shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 2007 sunansa ya shiga jerin masu jiran amincewar UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. To ina amfanin? Kayanmu na Sakkwato ke nan, mun zuba ido.

Ɗan Kabi: "Kayanmu na Sakkwato"? Malam Abu, ji tsoron Allah. Lokacin da Muhammadu Kanta ya kafa Surame a ƙarni na 16 ina Sakkwato take? Babban birnin Kabi ne.

Abu Binji: Ni maganar garu nake. Amma dai a ƙaramar hukumar Binji yake, Binji kuwa jihar Sakkwato.

Ɗan Kabi: Layin da soja suka ja a 1991, da suka cire jihar Kebbi daga Sakkwato, shi zai raba mu da kakanninmu?

Hajiya Ige: In naku ne, mi ya sa kuka tashi kuka bar shi kuka koma Birnin Kebbi tun wajen 1700? Wanda ya yar da abu ba ya cigiya.

Ɗan Kabi: Hajiya, da girmanki. Birnin Kebbin ma wa ya fitar da mu a 1805, ba masu jihadin Shehu Ɗan Fodiyo ba? Kada a tono.

Nura: Dama Kabi ai cikin banza bakwai take, meye na zafi?

Bawa Argungu: Kai yaro, iya bakinka! Wanda ya ƙi biyayya ga Askiya na Songhai ya zauna daram, shi ne banza? Zo gidan tarihin Kanta a Argungu ka sha kallo.

Nura: Baba, a littafin firamare na gani.

Bawa Argungu: Ka mayar musu littafinsu.

Abu Binji: Don Allah, garun fa?

Hajiya Ige: Su Bawa su kawo kuɗin bikin kamun kifi a gyara, tunda gadonsu ne.

Bawa Argungu: A'a, ai kun ce naku ne.

Malam Sani (mai kula da zaure): To, ya isa. Abin da na fahimta: kowa ya yarda Surame na Kabawa ne, 'yan Sakkwato riƙo aka ba su. Nura ya nemi afuwar Baba Bawa kafin magariba. Na rufe.

Hajiya Ige: Wa ya yarda? Malam Sani, ba a Argungu kake aure ba?