Shawara kan shimfiɗar gadon jariri

Mai Jiran Sauka (Malali): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Cikina ya shiga wata takwas, kuma maigida ya sa kafinta ya haɗa ƙaramin gadon jariri. Jiya a Babbar Kasuwa na ga saitin shimfiɗa mai bargo, da filo biyu, da wani tattausan soso da ake ɗaurawa a jikin sandunan gado. Kafin in biya kuɗi ina so ku ba ni shawara, shin in saya?

Anti ta Kawo: Wa alaikumus salam. Allah ya sauke ki lafiya. Ki nemi zanin gado na auduga zalla, domin mai santsin nan yana tara zufa.

Maman 'Yan Biyu (Barnawa): Ƙanwata, ki bar saitin nan a shago. Ni an kawo mini irinsa cikin kayan barka a haihuwata ta farko, na ɗaura shi ina murna saboda ya ƙawata ɗakin. Wani dare cikin hunturu, yaron yana ɗan wata uku, na farka haka kawai ba tare da ya yi kuka ba, na haska fitila sai na tarar ya murgina, fuskarsa ta nutse a cikin soson, bargon kuma ya hau har kan kunnensa. Da na ɗago shi ya jiƙe sharkaf da zufa yana jan numfashi da ƙyar. Har gari ya waye ban sake runtsawa ba, kuma da safe na kwance komai na kulle a akwati. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bai yi kuka ba, domin na daɗe ina zaton duk abin da ya dami jariri kukansa zai tashe ni. Sauran yarana uku a kan katifa da zanin gado kaɗai suka kwana.

Anti ta Kawo: Innalillahi. Allah ya ƙara tsarewa.

Malamar Jinya (Unguwar Rimi): Abin da Maman 'Yan Biyu ta faɗa shi muke maimaita wa masu awon ciki. Jariri yana buƙatar katifa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, wadda idan aka danna da hannu take komawa daidai nan take, sai zanin gado mai roba da zai kama ta tamau. Ban da filo, ban da 'yar tsana, ban da wancan soson, wanda a Amurka ma doka ta hana sayar da shi tun 2022. A sa yatsu tsakanin katifa da katako, idan fiye da biyu sun shige to katifar ta yi wa gadon kaɗan. Sannan a kwantar da shi rigingine a kowane barci, na dare da na rana, har ya cika shekara. Likitocin yara na Amurka sun fara ba da shawarar a daina kwantar da jariri rub da ciki a 1992, kuma mutuwar jarirai cikin barci ta ragu ƙwarai bayan haka.

Hajiya Babba (Tudun Wada): 'Yata, ban ƙi ta taki ba, amma ni tara na haifa, duk a gefena suka kwana a kan zani, kuma a kan gefe muke kwantar da su domin kada tumbuɗi ya ƙware su. Yaron da ake ajiyewa rigingine kullum ai ƙeyarsa bajewa take yi.

Malamar Jinya (Unguwar Rimi): Hajiya, Allah ya ƙara girma. Tsoron tumbuɗi kowace uwa tana da shi, sai dai jariri mai lafiya yana haɗiyewa ko ya yi tari ya fitar, kuma idan yana rigingine hanyar iska ce a sama, ta abinci a ƙasa. Wanda aka kwantar a gefe kuwa cikin sauƙi yake kifewa rub da ciki. Maganar ƙeya, idan yana farke kuma ana kallonsa sai a riƙa kifa shi na ɗan lokaci. Zanin da kika ambata a kan shimfiɗa mai tauri ya fi katifunmu na yanzu masu lotsawa aminci nesa ba kusa ba.

Hajiya Babba (Tudun Wada): To, na ji ta katifa. Amma ban yarda a raba ɗan kwana bakwai da ɗumin uwarsa ba.

Maman 'Yan Biyu (Barnawa): Ba a raba su ba, Hajiya. Gadon a jingine yake da nawa, hannu kawai nake miƙawa in ɗauko shi ya sha nono.

Amarya (Rigasa): Don Allah idan an cire bargo, yaya za a yi da sanyin Disamba da Janairu? Surukata kasko take shigo mana da shi.

Malamar Jinya (Unguwar Rimi): A sa masa kaya masu rufe hannu da ƙafa, a ƙara riga ɗaya a kan abin da ke jikinki, kuma a cire hula idan zai yi barci a ɗaki. Ki riƙa taɓa bayan wuyansa, idan da zufa a rage. Kaskon gawayi kuwa kada ya kwana a rufaffen ɗaki, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Ki lallaɓa Mama cikin ladabi, ko ki bar maigida ya yi mata bayani.

Anti ta Kawo: Kada a manta da gidan sauro mai magani. A ɗaure shi sama sosai, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa yadda ba zai sauko kan fuskarsa ba.

Amarya (Rigasa): Katifar gwanjo irin ta Kasuwar Barci fa, za ta yi?

Maman 'Yan Biyu (Barnawa): Gado na hannu zan iya saya idan sandunansa da kusoshinsa lafiya suke, amma katifa gara sabuwa, domin tsohuwa ta riga ta lotsa a tsakiya. Ki kuma cire ledar da aka naɗo ta da ita daga shago.

Mai Jiran Sauka (Malali): Na gode, Allah ya saka da alheri, na fasa sayen saitin. Sai dai dalilin da ya sa na so soson shi ne sandunan gadon sun yi mini faɗi, hannuna har gwiwa yana wucewa ta tsakaninsu.

Malamar Jinya (Unguwar Rimi): Wannan aikin kafinta ne, soso ba ya gyara shi. Tazarar kada ta wuce santimita 6. Ki sa maigida ya auna yau, idan ta wuce a mayar masa ya ƙara sanduna kafin ki sauka.