Masu sana'a, wa ya taɓa zama ya bi kuɗin wayoyin kasuwancinsa ɗaya bayan ɗaya?

Dilan kayan masarufi, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da yara bakwai masu fita kai kaya, kowa na ba shi layi, duk a CUG suke wato mu kira junanmu kyauta ni kuma in biya kuɗin wata a kan kowane layi. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 na ga kuɗin ya haura, na ce ai kowa ya shafa na haƙura, to sai watan jiya muka zauna da akawuna muka nemi kamfanin waya su turo mana bayanin kowane layi daban, yana karanto lamba ina faɗin mai ita, sai ga lamba biyu na rasa na waye. Ashe yaran da suka bar aiki ne tun kafin azumi, ɗayan ma yana Legas, ni nake ta biya musu. Abin ya dame ni wallahi, don guminmu ne. Duk wanda ya taɓa gamuwa da irin haka dan Allah ya ba mu labari.

Mai abincin biki, Kaduna:
Wa alaikumussalam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ni nawa wayar karɓar oda ce, in sa kati da safe kafin la'asar an ce babu kuɗi alhali kira ake mana ba mu muke kira ba, har na fara zargin yarinyar da ke riƙe da wayar, Allah ya yafe min. Ƙanina ne ya duba saƙonni ya ga layin an shigar da shi wasu tsare-tsare har uku, labarin ƙwallo, waƙar da mai kira ke ji da wani na cin kyauta, kullum ana tsakura. Ya danna *305# muka cire su, sannan ya tura STOP zuwa 2442 saboda saƙonnin talla, don ta nan ake danna abu bisa kuskure hannu duk mai ana tsakiyar aiki. Sai da na kira yarinyar na ba ta haƙuri.

Mai POS, Zariya:
Hajiya sannu. Mu namu ciwon USSD ne, wato lambar banki da ake dannawa a waya, naira 6.98 duk shiga ɗaya, kuma tun tsakiyar 2025 daga katin waya ake cira ba daga asusun banki ba, shi ya sa mutane da yawa ba su gane inda katinsu ke tafiya ba. Rana ɗaya na ƙirga yarona ya duba balans sau ashirin da wani abu. Yanzu manhajar banki muke amfani da ita, lamba sai in netwok ɗin data ya ɗauke. Sai kuma rancen kati na *303#, na hana shi gaba ɗaya, kashi 15 ake cirewa tun kafin ka kira kowa.

Akawun makaranta mai zaman kanta:
Alhaji ni a ganina kira ba shi ne babba ba yanzu, data ce. Mun sa rauta, wato na'urar wayifai, a ofis don tura sakamakon ɗalibai, data ta wata sai ta ƙare a kwana goma sha biyu ta sake sabunta kanta ba wanda ya sani. Da na shiga shafin rautar na ga wayoyi goma sha tara a kai, mu kuma mu huɗu ne a ofishin, faswod ya zagaya har wurin mai gadi da masu shago a waje. Kuma ko namu ɗin ma, waya da ta ga wayifai sai ta hau sabunta manhajoji da loda hotuna, kwamfuta ma haka. Na canza faswod, na kashe sabuntawa da kanta, kuma duk Juma'a ina rubuta abin da ya rage a littafi. Ban hana malamai ba fa, don su ma suna aiki da ita, layi ɗaya na ware musu mai iyaka.

Ɗan kasuwar Jibiya:
Ku ƙara da na bakin iyaka. A nan waya kan kama netwok ɗin Nijar kana cikin Najeriya, in romin (amfani da layinka a kan netwok ɗin wata ƙasa) a buɗe yake har amsa kira sai an caje ka. Direbobina masu shiga Maraɗi kowa na da layin can, su saka sefa a ciki, da ni kuma sai dai WhatsApp.

Mai shagon magani, Gombe:
Alhaji kafin ka yar da layukan nan biyu ka tsaya. Layi in ya daɗe ba a amfani da shi sake sayar da shi ake yi, ni tsohon layin shagona kwastomomi sun yi ta kiran wani bawan Allah suna tambayar magani, kuma alat ɗin banki a kansa yake, sai da na je banki na cike fom. Ka duba ma da NIN ɗin wa aka yi rajistarsu, in na yaran ne to a hukumance layinsu ne, cire su kawai za ka yi daga CUG. In ka ga cajin da ba ka gane ba ka fara kiran kamfanin wayarka a 300 ka karɓi lambar ƙorafi, in ba su gyara ba sai ka kira NCC a 622, kyauta ne.

Dilan kayan masarufi, Kano:
Allah ya saka da alheri Malam, wallahi da NIN ɗinsu aka yi, duka bakwai ɗin ma haka, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Gobe in sha Allahu zan je ofishin kamfanin waya da takardun rajistar kamfanina na CAC in ji yadda ake mayar da su sunan kamfani. Malam akawu dan Allah ta ina ake shiga shafin rautar nan, ni ma akwai ɗaya a sito.