Yaya zan mayar da Windows daga tsohon had dis zuwa SSD ba tare da fomatin ba?

Mai Shagon Buga Takardu: Assalamu alaikum jama'a. Laftof ɗina HP ce, had dis ɗinta 500GB amma nauyi ya yi mata yawa, sai na sayo SSD, wato sabon nau'in dis mai sauri, mai 256GB. Abin da ke cikin tsohon bai wuce 150GB ba. Matsalar ita ce bana so in sake sa Windows daga farko saboda manhajojin da nake aiki da su a shago, wasu ma na manta inda na samo su. Don Allah wa ya taɓa yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam Malam. Yana yiwuwa, ni da Clonezilla nake yi, manhajar da ke kwafe dis gaba ɗaya zuwa wani. Ka samu filashi ka sa masa Ventoy, manhajar da ke sa kwamfuta ta iya tashi daga filashi, sai ka jefa GParted (manhajar rage ko matsar da sassan dis) da Clonezilla a ciki, in ka kunna kwamfutar ka riƙa danna F9 har ta nuno maka filashin. Amma fa Clonezilla ba ya son kwafa daga babban dis zuwa ƙarami, shi girman fatishan, wato sashen dis, yake kallo ba abin da ke ciki ba, don haka sai ka fara matse C ɗin, wato fatishan ɗin da Windows ke ciki, da GParted ya dawo kamar 200GB, don 256 ɗin nan da ka gani a kwali 238 ne kawai a Windows. In akwai ɗan fatishan na rikobari (na gyaran Windows in ta lalace) a can ƙarshe shi ma ka jawo shi kusa da C, sannan a wajen zaɓin ƙwararru na Clonezilla ka sa alama a -icds don kar ya duba girman sabon dis ɗin.

Yaya Babba: Ƙanina kafin ka taɓa komai kwashe takardun kwastomominka zuwa wani wuri. Ni an taɓa ɗauke min wuta GParted na tsakiyar matsar da fatishan, batirina kuma ya mutu, hotunan bikin mutane suka tafi, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kuma ka duba sau biyu wanne ne tsohon wanne ne sabon kafin ka yarda, in ka juya su fanko zai hau kan aikinka.

Injiniya: Gaskiya ne Yaya. Na manta ma, ka kashe Fast Startup (saitin saurin tashin Windows) da BitLocker (mai kulle bayanan dis) in yana kunne, in ba haka ba GParted zai ƙi taɓa C ɗin. Ƙaramin fatishan ɗin EFI kuma kar ka goge shi, shi ke tayar da Windows.

Mai Shagon Buga Takardu: Allah ya saka da alheri. To bayan na gama in bar tsohon a ciki?

Injiniya: A'a, ciro shi tukuna ka kunna da SSD kaɗai. In ta tashi lafiya kwana biyu uku, sai ka sa tsohon a gidan USB ka yi masa fomatin.