Kajina suna zubar da ƙwai a ƙasa: shin halin shiga gurbi ana gadonsa?

Mai Kaji, Gadarif:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kiwo. Ina da jajayen kaji masu ƙwai irin na kamfani, kusan 300, a wata rumfa da muka kewaye da waya a bayan gida, babu keji, suna yawo a kan ɓawon gyaɗar da muka shimfiɗa musu. Na sa kafinta ya ƙera akwatunan ƙwai an jera su a jikin bango, amma tun da suka fara saka ƙwai, mai yawa daga ciki a ƙasa nake tsintarsa, musamman a lungun da ke bayan mazubin abinci. Wanda na tsinta yakan zo da kashi a jikinsa, wani a fashe, har wasu kajin sun koyi fasa shi suna sha. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a watan Afrilun 2023 kuma manyan gonakin kewayen Khartum suka tsaya, samun 'yan tsaki ya yi wuya, shi ya sa nake tunanin in ware kajin da suke shiga akwati, in haɗa su da zakara, in riƙa ƙyanƙyashe nawa. Shin wannan hali ana gadonsa, ko kuwa wahala kawai zan sha?

Malamin Kiwo, Kassala:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ana gadonsa, amma ba gaba ɗayansa ba, kuma kajin da ke hannunki ba su ne za a fara da su ba.

Neman gurbi ba koyarwa ba ce, a jikin kaza yake. Ƙwai yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikinta, kuma sinadaran da jikinta ke fitarwa tun lokacin da ƙwanduwa ta saku su ne suke sa ta, awa ɗaya ko biyu kafin ta saka ƙwan, ta daina ci, ta shiga kai da komo tana leƙa lunguna. Saboda haka kazar da ta saka a bayan mazubin abinci ba ta rasa wannan hali ba, gurbin da ta zaɓa ne ya saɓa da wanda kika zaɓa mata.

Dalilin da ya sa matsalar ta yi yawa a kajin kamfani yana cikin tarihinsu. Shekaru da dama masu inganta iri suna ajiye kowace kaza a kejinta ita kaɗai, suna ƙirga ƙwanta, suna auna ƙarfin ɓawo da yawan abincin da ta ci. A keji ƙasan a karkace yake, ƙwai yana gangarowa waje da kansa, don haka kaza mai son gurbi da wadda ba ruwanta duk ɗaya suke a littafin mai ƙirga. Da Tarayyar Turai ta haramta tsohon keji daga watan Janairun 2012, sai halin da ba a taɓa aunawa ba ya zama abin da ke jawo riba ko asara. Kamfanoni irin su Lohmann na Jamus suka koma ga wani akwati mai ƙunƙuntar ƙofa wanda kaza ɗaya kaɗai ke iya shiga, ana ɗaura wa kowace kaza 'yar na'ura mai lamba, akwatin yana rubuta wadda ta shiga, da lokacin da ta shiga, da ƙwan da ta bari. Abin da irin wannan awo ya nuna shi ne gado yana da rabo a ciki, amma rabon matsakaici ne ko ƙasa da haka, sauran kuwa reno ne da tsarin ɗaki.

Game da kajinki kuma, ire-iren kajin kamfani kamar Lohmann da Hisex da Bovans da Hy-Line duk haɗi ne na zuriyoyi huɗu da kamfani ke riƙe da su daban-daban. Idan kika ƙyanƙyashe ƙwansu, 'ya'yan za su fito barkatai, wata ta yi ƙwai sosai, wata ta gaza, kuma ba za su kai iyayensu ba.

Dattijo, Maiwurno:

'Yata, bayanin Malam ya yi kyau, amma ni ina ganin an tafi Jamus neman abin da ke tsakar gida. Kazar baladi, wato kazar gida, ba ta taɓa buƙatar a ɗaura mata na'ura ba. Za ta nemi gurbinta a ƙarƙashin rumbu ko cikin tsohuwar tukunya, ta riƙa komawa can kullum har ta tara, sannan ta kwanta kwana 21 ta fito miki da 'yan tsaki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ki samo zakaran baladi mai ƙarfi ki sa a cikin jajayen nan, 'ya'yan za su san gurbi, kuma za su fi jure zafinmu.

Sannan kafin ki ɗora wa kaji laifi, ki ɗauki fitila da dare ki haska tsagogin katakon akwatunan. Kaskar kaji tana ɓuya a nan da rana, ta fito da dare ta sha jini, kuma kazar da aka ciza a akwati ba za ta so komawa ba. Ki kuma sa hannunki a ciki da hantsi. Idan akwatunan suna jikin bangon da rana ke duka, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 a Gadarif, kazar da ta zaɓi ƙasa mai sanyi ta fi mai akwatin hankali.

Ma'aikacin Gona, Jidda:

Ina gaishe da Baba da Malam. Yaya, ni aikin da nake yi ke nan, kuma abin da na gani shi ne yawancin wannan matsala tun kafin ƙwan fari ake shuka ta. Sagarar da ta tashi a ƙasa tsantsa, ba ta taɓa tsalle ta hau sanda ba, idan ta girma aka ɗaga mata akwati sama ba ta san yadda za ta kai gare shi ba. Shi ya sa ake sa wa 'yan tsaki sandunan hawa tun suna 'yan makonni, kuma a mayar da su ɗakin ƙwai suna mako 16 zuwa 17, su saba da akwatunan kafin su fara saka ƙwai a wajen mako 18 zuwa 20.

Ki ƙirga akwatunanki. Ƙa'idar Turai ita ce gurbi ɗaya ga kaji 7, wato kajinki suna buƙatar fiye da 40, kuma da yake yawancinsu da safe suke saka ƙwai cikin 'yan awoyi kaɗan, idan gurabe suka yi kaɗan ƙarfafa ne za su mamaye su, raunana su nemi lungu. Ki rataya tsumma ko buhu a bakin kowane akwati domin cikinsa ya yi duhu, ki toshe lungun bayan mazubin abincin ko ki bar haske ya faɗa masa, kada kuma ki bari shimfiɗar ƙasa ta yi kauri har kaza ta iya tona gurbi a ciki. Tun daga asuba har hantsi a riƙa zagayawa ana kwashe ƙwan ƙasa, domin kaza idan ta ga ƙwai a wuri, nan za ta ƙara nata. Wadda aka tarar ta lafe a lungu a ɗauke ta a hankali a sa ta cikin akwati. Gaskiya dai, kazar da ta daɗe tana saka ƙwai a ƙasa da wuya ta bari, gyaran ya fi kama garken da zai biyo baya.

Malamin Kiwo, Kassala:

Baba, maganar kaska da zafi ba ni da ja a kanta. Inda nake tsoro shi ne zakaran baladi, domin son gurbin baladi tafe yake da kwanci, kuma kaza mai kwanci daina ƙwai take yi har makonni, ta kuma tare akwatin da wasu ke jira. Kamfanoni da gangan suka rage kwanci a kajinsu. Idan Hajiya 'yan tsaki take so ba tare da injin ƙyanƙyasa ba, shawararka ta fi tawa. Idan kuwa kiret take son cikawa kullum ta kai kasuwa, za ta ga ƙwai ya ragu.

In dai za a yi zaɓen, Hajiya, dole ki san wace kaza ce ta saka wane ƙwai, ido kaɗai ba zai ba ki wannan ba. Akwai tsohuwar dabara ta akwati mai ƙofar tarko, wadda ke rufewa idan kaza ta shiga, sai ki zo ki duba alamar ƙafarta ki rubuta ki sake ta. A zafin nan sai an riƙa dubawa akai-akai, in ba haka ba kaza za ta mutu a ciki. Zakaran ma a zaɓe shi daga 'ya'yan kazar da aka tabbatar tana shiga akwati, tun da rabin gadon daga wurinsa yake fitowa ko da yake shi ba ya ƙwai.

Mai Kaji, Gadarif:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ƙara akwatuna in mayar da su bangon da ke samun inuwa, in kuma duba kaskar da Baba ya ambata. Zakaran baladi zan gwada shi a kan kaji kaɗan a wani akurki daban, sauran su ci gaba da ƙwan kasuwa. Malam, ko za ka bayyana mini yadda ake rataya ƙofar tarkon, da tsawo da faɗin akwatin, domin in kai wa kafinta?