Neman shawara: na ƙera na'urar busar da tumatir, ba ni da jari, wace ƙofa zan nufa a Bauchi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Ni matashi ne a nan cikin garin Bauchi. Injiniyancin noma na karanta a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), bara na gama bautar ƙasa. Aikina na shekarar ƙarshe na'urar busar da kayan miya ce mai aiki da zafin rana: akwatin ƙarfe da gilashi a samansa, baƙin faranti mai tara zafi, tire-tire na raga a ciki, sai 'yar fanka da sola ke juyawa don ta fitar da danshi. Yankakken tumatir yakan bushe cikin kwana biyu zuwa uku, ya fito ja, ba yashi ba ƙuda. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake shanya kauɗa a ƙasa a bakin titi ya san abin da nake nufi.

Da na dawo gida na sake ƙera wata da ɗan abin da na tara na alawus. Ina busar da tumatir da tattasai da kuɓewa da zogale, maƙwabta na saye. Yanzu so nake abin ya zama sana'a sosai, amma jari ya tsaya min. Mahaifina ɗan fansho ne, ba zan ɗora masa nauyi ba. Na je wani ofishi aka ce in dawo da takarduna, ba a gaya min waɗanne ba. Wani kuma ya ce in kawo naira 20,000 zai saka sunana a jerin masu karɓar tallafi.

Shin jami'a tana da abin da za ta yi wa wanda ya riga ya gama? Kuma a hukumomin da ake ta ambata, wacce ce ta dace da irina? Bashi mai ruwa dai ba na so. Na gode.

Baban Khalifa: Wa alaikumussalam. Ƙanena, kada ka ba mutumin nan ko sisi. Rajistar SMEDAN, hukumar raya ƙanana da matsakaitan sana'o'i, kyauta ce, da wayarka za ka yi ta. Neman tallafin gidauniyar Tony Elumelu ma kyauta ne. Duk wanda ya ce ka biya don a saka sunanka, kuɗinka kawai yake so.

Malam na Yelwa: Ɗana, Allah ya yi wa wannan aiki albarka. Ni malami ne, kuma abin da ke ci min rai shi ne yadda ayyukan ɗalibai irin naka suke ƙarewa a lungun ɗakin gwaji, ƙura ta rufe su. Ɗalibi ya karɓi sakamako ya tafi, bai sake waiwayowa ba. Kai ka waiwayo.

Ka fara da malamin da ya duba aikinka. Kada ka je da roƙon kuɗi, jami'a ba banki ba ce, kuma kuɗin bincike da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ke bayarwa na malamai ne, ba a miƙa wa tsohon ɗalibi a hannu. Amma malami yana iya jawo ka cikin bincikensa idan na'urarka ta dace da abin da yake yi, ta nan sai a inganta ta ba da kuɗinka ba. Ka je masa da na'urar da kanta ko hotunanta, da kauɗar da ta fito daga ciki.

Abin da za ka nema a wurinsa uku ne. Izinin amfani da ɗakin ƙere-ƙere na sashenku, don injin lanƙwasa ƙarfe da na walda da za ka biya haya a gari suna can. Sai gwajin abin da ka busar: nawa ne danshin da ya rage a ciki, akwai ƙwayoyin cuta ko babu. Takardar wannan gwaji ita ce ke raba ka da mai faɗa da baki cewa kayansa masu tsafta ne. Sai wasiƙa daga sashen da ke shaida cewa aikinka ne. Za ka ga amfaninta duk inda ka kai takardar neman tallafi.

Akwai kuma cibiyar koyar da sana'o'i da kasuwanci. Tun da NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta wajabta wannan darasi, kusan kowace jami'a tana da irinta, kwalejojin kimiyya da fasaha ma haka. Da yawanku kun ɗauki darasin ne don cin jarabawa kawai. Ka koma ka nemi su duba maka tsarin kasuwancinka a rubuce, su ne kuma sukan fara jin labarin gasa ko horo idan ya taso.

Wani abu da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba: tambayi ƙa'idar jami'ar game da mallakar abin da aka ƙirƙira a aikin ɗalibi, tun kafin kuɗi ya shigo ciki. Hukumar NOTAP tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen yi wa fasaharsu rajista, ta kuma buɗe ofisoshi a manyan makarantu da dama saboda wannan. A daidaita maganar yanzu da fuska a sake ya fi a zo ana jayayya daga baya.

Hajiya Maman Nana: Malam ya yi magana, amma ni bari in tambaye ka ɗana: na'urar za ka riƙa sayarwa ko kauɗar? Don sana'o'i biyu ne, kowacce da jarinta da masu sayenta.

Na daɗe ina harkar kayan miya a kasuwar Muda Lawal. Tumatir fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne, kwando guda idan ya bushe abin da zai rage ba zai cika maka ido ba. Riba tana wurin sayen ɗanye lokacin kakarsa, sanda na rani ya cika kasuwa har ana zubarwa, ka busar ka adana, ka fitar da damina ta kama farashi ya tashi. To a nan jarin yake, kuɗi ne da zai kwanta watanni ba ya motsi. Kuma mai awon kauɗa da mudu ba za ta ƙara maka komai don naka ba yashi, wanda ya fi araha take nema. Masu biyan kuɗin tsafta daban suke: matan ma'aikata, masu gidajen abinci, kantuna, masu aika wa 'yan uwa Abuja da Legas. Su ka nema. Ka ƙulla a 'yar leda mai kyau ka kai wa mata goma su gwada a miya, ka ji me za su ce game da launi da ɗanɗano.

Akwai hanya ta uku da ba ta cin jari: ka busar wa mutane ka karɓi kuɗin aiki. Masu zogale da masu yajin gida za su zo.

Abu Sadiq: Gaskiya ni ban yarda da waɗannan hukumomin ba. In ba ka da wani a sama wahala kawai za ka sha. Mun cike fom har mun gaji.

Baban Khalifa: Abu Sadiq, ba a ce ba a son kai ba, ana yi. Amma idan muka ce masa ya zauna, me muka ba shi? Akwai abubuwan da ba sa buƙatar kowa, su ya fara yi.

Yaya Ummi: Na yi aikin banki a ɓangaren ƙananan 'yan kasuwa, bari in amsa maganar takardun da ba a gaya maka ba. Lambar NIN da BVN. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, wadda ake yi ta intanet. Lambar biyan haraji. Asusun banki da sunan kasuwancin, ba naka na kanka ba. Sai rajistar SMEDAN. Waɗannan su ake tambaya kusan ko'ina. Kada ka yi gaggawar buɗe kamfani, sunan kasuwanci ya ishe ka yanzu, duk da dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar buɗe ƙaramin kamfani shi kaɗai idan lokacin ya yi.

Abin da ya fi su duka nauyi kuwa ba ofishi ke bayar da shi ba. Sayi littafi yau, ka riƙa rubuta kwanan wata, kwandon da ka saya da kuɗinsa, kuɗin mota, nauyin da ya fito bayan bushewa, wanda ya saya da abin da ya biya. Maƙwabtan nan ka ce su riƙa tura kuɗin ta asusu. Na sha ganin matasa masu basira sun zo da bayani mai daɗi, a ce ina shaidar ciniki, sai shiru. Watanni shida na rubutu da shigar kuɗi, ko kaɗan ne, sun fi shafi talatin na tsarin da aka kwafo.

Game da bashi, ka san inda aka kwana don kada a yaudare ka. A ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya dakatar da karɓar sababbin buƙatu a shirye-shiryensa na rancen tallafi, saboda haka ka yi hattara da masu tallata tsofaffin fom da sunansa. Bankin Masana'antu yana da ofishi a Bauchi, kuma sarrafa amfanin gona na cikin abin da yake ba muhimmanci, sai dai rance ne, da sharuɗɗa da masu tsaya maka. Bankin Raya Ƙasa na Najeriya kuwa ba ya ba mutum kai tsaye, ta hannun wasu bankuna yake bi.

Tun da ba ka son ruwa, bankuna irin Jaiz da TAJ suna da tsarin murabaha: su sayi kayan da kake buƙata, su sayar maka da ribar da kuka amince a kai, ka biya a hankali. Amma shi ma bashi ne, wata na ƙarewa sai ka biya, ko ka sayar ko ba ka sayar ba. A matakin da kake, ni ban ba ka shawarar cin kowane irin bashi ba.

Injiniya na Gwallameji: Ba wanda ya ambaci cibiyar renon fasaha ta gwamnatin tarayya da ke nan Bauchi, alhali don irinka aka kafa ta. Tana ƙarƙashin hukumar NBTI. Idan suka karɓe ka sukan ba da wurin aiki na wasu shekaru, da shawara, da taimako wajen bin takardun NAFDAC da SON, hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki. Wurin yana da muhimmanci, don ranar da ka sa kauɗarka a leda mai suna ka kai kanti, lambar NAFDAC za a tambaye ka, su kuma sai sun zo sun duba inda kake aiki: keɓaɓɓen wuri, ruwa mai tsafta, gwajin lafiyar masu taɓa abincin. Tsakar gidanku ba za ta wadatar ba. Ka je da na'urarka su gani da idonsu, ka tambayi yadda ake shiga da ko akwai gurbi.

Idan kuma na'urar za ka sayar, je ka BSADP, hukumar raya aikin gona ta jihar Bauchi, ka nemi malaman gona masu hulɗa da ƙungiyoyin manoman rani. Manomi ɗaya zai ji tsadarta, ƙungiya na iya haɗa kuɗi ta saya.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, tambayarki ta sa na yi tunani, ina ganin zan fara da busar wa mutane da sayar da kauɗar kaɗan-kaɗan, ƙera na'urar sai idan an yi oda an ba da kafin alƙalami. Yaya Ummi, tallafin da ba a biya fa, akwai na gaskiya? Na kuma ji ana maganar wata doka ta sababbin kamfanoni.

Yaya Ummi: Akwai. Wanda na fi sani shi ne na gidauniyar Tony Elumelu, tun 2015 suke yi. Sukan buɗe ranar 1 ga Janairu su rufe a farkon Maris, ta shafinsu na TEFConnect. Wanda aka zaɓa yana samun horo ta intanet, sannan dala 5,000 wadda ba a mayarwa. Masu nema daga duk Afirka suke, don haka kada ka jingina sana'arka da shi, ka dai nema duk shekara. A nan littafinka da takardar gwajin da Malam ya faɗa za su yi maka aiki.

Dokar da kake nufi ta 2022 ce, NITDA, hukumar raya fasahar sadarwa ta ƙasa, ke kula da rajistarta. An yi ta ne don kamfanonin da ke dogaro da fasahar zamani ta kwamfuta da intanet, kuma sai kamfani mai cikakkiyar rajista wanda bai wuce shekara 10 ba. Ba ita ce ƙofarka ta yanzu ba.

Ka riƙa leƙa ofishin hukumar samar da aikin yi ta NDE da na SMEDAN, ka kuma bi sanarwar Hukumar Raya Arewa maso Gabas, tun da Bauchi na cikin jihohinta shida. Horo suka fi yi, wani lokaci da kayan aiki. Sanarwar da ka gani a shafin hukumar ko ka ji a rediyo ita ce abin kamawa, ba wadda aka turo ta WhatsApp ba.

Hajiya Maman Nana: Madalla. To ka shirya tun kafin tumatirin rani ya sauko, don lokacinsa ba ya jira. Ka kawo min na gwaji, kauɗa da kuɓewa, kowanne ka rubuta ranar da ka busar a jikin ledar. Zan ba masu gidajen abincin da ke saye a wurina. Ka lissafa farashinka tun daga gida, da kuɗin leda da na mota a ciki, don sai sun nemi ragi.

Malam na Yelwa: In za ka je wurin malamin naka, kira shi tukuna, kuma ka kauce wa makon jarabawa. Ka tafi da samfuri kashi biyu, naka da wanda ka sayo a kasuwa, a gwada su tare.

Mai tambaya: In sha Allahu, Malam. Hajiya, ranar Asabar zan shigo kasuwar da safe, zan nemi lambarki ta hannun shugaban zaure.