Kum lamba 1 ya kwashe, lamba 2 ya bari da yawa

Assalamu alaikum. Da injin aski nake yi wa kaina saisaye, ba ƙwal-kwabo nake so ba. Gashina mai tauri ne, a nannaɗe.

In na sa kum (robar nan mai haƙora da ake maƙalawa a bakin injin) lamba 1, mai milimita 3, fatar kai sai ta bayyana, musamman a ƙeya. Lamba 2 kuwa, mai milimita 6, ta saman gashin yake bi, ya bar shi tsibi-tsibi kamar ban taɓa ba. Na taje kafin in fara, na kuma buɗe ɗan hannun gefen injin a kan lamba 1, amma har yanzu layi yana fitowa tsakanin gefe da tsakar kai. Abin ya ishe ni.

Don Allah, kum lamba 1.5 zai iya share wannan layin?